Katantanwar Dagilam da Fararen Ɓerayen Yamai

Gure, 9 ga Oktoba 2022

Zuwa ga Rumasa'u, jikar marigayi Yaya Umara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da iyayenki da mutanen Yamai. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa, wadda ita ma ta gaji da ni kamar kowa. Matata Balkisa tana gaishe ki. Ta ce ta tuna ki ranar zaman makokin kakanki, kina 'yar shekara shida. Ni ban tuna ki ba, kuma ba zan yi ƙarya ba.

Takardarki ta iso ta hannun Sufiyanu, direban kar, babbar motar fasinjan da ke zuwa Yamai. Kin kyauta da kika rubuta. Ina da salula, amma ba na maganar aiki da ita, don na sha ganin an musa abin da aka faɗa da baki. Kin buɗe da kirana "tsohon mijina". Na san wasan jika da kaka ne, tunda kakanki ɗan kawuna ne. Ki ajiye shi tukuna, ba ni da hutun wasa.

Na gane buƙatarki. Kina karatun dakta a kan tsutsar tsargiya. Kina saka wa fararen ɓeraye tsutsar, kina ɗibar jininsu sati-sati, ki ga yaushe jinin zai ƙera antikor, makaman da jiki ke yi wa kansa don ya gane baƙo ya yaƙe shi. Kina zargin tsutsar tafkinmu na Dagilam ruwa biyu ce, ta shanu da ta mutane, tunda shanu suna sha a gefe ɗaya yara suna iyo a ɗayan. Kuma tunda a cikin katantanwa tsutsar ke rayuwa kafin ta shiga fatar mutum, kina so in ɗebo miki katantanwar wurin.

Wannan duka layi uku ya ishe shi. Amma sai da kika cika shafi guda kina koya min mene ne antikor. Ɗiyata, na koyi wannan tun babanki yana yawo ba wando. Shekara ashirin da tara na yi a labon likitar garin nan, ɗakin gwajin jini da fitsari. A 1989 na duba fitsarin yara ɗari huɗu da sha biyu na ƙauyukan kwari, ɗaya bayan ɗaya, na rubuta rapor, wato rahoton aikin, na miƙa sama. Bayan shekara biyu na gan shi an buga, da sunan wani wanda bai taɓa taka lakar Dagilam ba. Har yau kowace shekara a raba wa yara 'yan makaranta ƙwaya a lakwal, su haɗiye, su koma ruwa. Jikokin waɗanda na duba su ne ke fitsarin jini yanzu, ke kuma kina Yamai kina duba lafiyar ɓeraye. Mu nan in mun ga ɓera a rumbu takalmi muke ɗauka.

Duk da haka zan yi, don darajar Yaya Umara. Ki faɗi adadin da kike so da lokacin da kike so. Yadda ake aikin kuwa, kada ki sake koya min.

Kakanki,
Abarshi

Yamai, 21 ga Oktoba 2022

Kaka Abarshi,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin samun amsarka, ko da yake sai da na sha ruwa kafin in kai ƙarshenta. Allah Ya ba gwiwa lafiya. A gaishe min da Kaka Balkisa, a ce mata ta kwantar da hankalinta, mijin nata ya ce ba ya so na.

Ka yi haƙuri da shafin nan. Wallahi ba raini ba ne, na saba rubuta wa mutanen ofis ne. Na karanta wa mama takardarka, ta yi min faɗa, ta ce yarinya ba ta nuna wa babba sana'arsa.

Ɗari biyu zuwa uku za su isa, daga gefen shanu da gefen yara. Profesarmu ya ba ni zuwa ƙarshen watan Maris. In lokacin ya yi ban saka wa ɓerayena tsutsar Dagilam ba, dole in koma kan tsutsar da ake kiwo a labo, wadda aka kawo daga wata ƙasa tun da daɗewa. Digiri zan samu ko ta yaya, amma sunan Dagilam zai fita daga aikin, kuma ba wanda zai san ko jinin da ya saba da tsutsar mutane yana gane wannan. Ni kuwa don ita na shiga.

Maganar ɗiba da adanawa ba zan buɗe baki ba. Kai ka fi ni sani.

Jikarka,
Rumasa'u

Gure, 4 ga Disamba 2022

Rumasa'u,

Bayan sallama, muna lafiya, sanyi ya shigo. Ga saƙonki nan a hannun Sufiyanu: kwalba shida cikin kwali, an naɗe kowace da tsumma.

Zan faɗa miki yadda aka yi, don ki san ba a kasuwa na sayo su ba. Sau tara na hau amalanke zuwa Dagilam. Na raba tafkin wuri shida, uku a mashayar shanu, uku a inda mata ke wanki yara ke iyo. Na yi rariya da wayar sauro, na sa takalmin roba, na bi ƙarƙashin ganyen bado da gindin kaba. Masu lambu suka tsaya suna kallona. Wani ya kira ni yadda ake kiran ma'aikatan gwamnati, ya ce, "Mushe Abarshi, yunwar ta kai haka?" Na ci gaba da aikina.

Abin da ya ɓata min lokaci formol ne, ruwan maganin da ke hana abu ruɓewa. Sati uku ina nema. A labon da na yi wa bauta, wani yaro mai farar riga ya tambaye ni mene ne formol ɗin zai yi min, ko gawa gare ni. A ƙarshe wani tsohon abokina na aikin dabbobi ya samo min rabin lita daga Damagaram. Na haɗa shi kashi ɗaya cikin goma, yadda aka koya mana. Ban ɗebi ko ɗaya ba sai da ya zo hannuna, don ban yarda su ruɓe a hanya ba.

Guda ɗari uku da sittin ne. A cikin kowace kwalba akwai takarda da na rubuta da fensir, don tawada narkewa take: wuri, rana, sa'a, zurfin ruwa. Ko bayan shekara hamsin aka buɗe, za a same su yadda suke. Ki nuna wa profesarki ya ga yadda ake aiki a da.

Kin yi sa'a. Ruwan ya ja baya ƙwarai, kafin ƙarshen watan nan ba sauran komi sai laka.

Abarshi

Gure, 15 ga Janairu 2023

Rumasa'u,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, don Sufiyanu ya gan ki.

Yau kwana arba'in da biyu. Ya ce da hannunki kika karɓi kwalin a tasha, kika buɗe kwalba ɗaya, kika shinshina, kika zauna a benci. Ya ce miki, "Hajiya, akwai amsa?" Kika ce sai an jima. Sau biyar ya je Yamai ya dawo tun daga ranar, duk zuwan da zai yi sai na tsaya a tasha kamar mai jiran kuɗin fansho.

Na san irin wannan shirun. Haka aka yi min a 1989. A karɓi aiki, a yi shiru, sai ka gan shi a takarda da sunan wani. Na ɗauka jini zai bambanta ki da su, to ga shi ban koyi komi ba a shekara sittin da takwas. Balkisa ta ce in yi miki uzuri, wai ƙila jarrabawa ce. Na ce mata jarrabawar da ke hana mutum rubuta "ya iso" ba a ƙirƙiro ta ba tukuna.

Ba godiya nake nema ba. Ki rubuta layi ɗaya ki ce lafiya suka iso ko sun fashe. In kuma aikin ƙauye ne bai kai na Yamai ba, ki maido min da kwalabena, Balkisa tana zuba yaji a cikinsu.

Abarshi

Yamai, 29 ga Janairu 2023

Kaka,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, kuma ban saci komi ba. Sau huɗu na rubuta wannan takarda ina yagawa.

Da rai nake son su, Kaka.

Tsutsar ba ta shiga ɓera sai ta fito daga katantanwa mai rai ta yi iyo a ruwa. Ana zuba katantanwar a ƙaramin kofi, a saka a haske, tsutsotsin su fito, a tsoma jelar ɓera a ruwan. Formol ya kashe katantanwar da abin da ke cikinta, ya kuma ƙone su yadda ko asalin tsutsar ba zan iya karantawa da kyau ba. Da na buɗe kwalbar a tasha warin ya buge ni, na gane duk sun mutu.

Na so in rubuta "da rai" tun a takardar Oktoba. Har na rubuta, na soke. Na ce mutumin da ya yi shekara ashirin da tara a labo, in ce masa da rai, zai ce na sake koya masa. Bayan sun iso kuma na rasa bakin da zan ce maka wahalar gwiwarka ta tafi a banza. Mama ta ce in yi shiru in ce sun yi amfani, Allah ba zai kama ni ba. Na kasa. Sai na yi ta ɗagawa zuwa gobe, kuma na san kowace goben da na ɗaga ruwan Dagilam raguwa yake. Wannan laifina ne ni kaɗai.

Profesar ya ga kwalaben. Ya daɗe yana karanta takardun fensir ɗin, ya ce rabon da ya ga aiki mai tsabta haka tun yana ɗalibi. Ya jera su a kanta a ofishinsa. Sannan ya tuna min ƙarshen Maris.

Don Allah, ko akwai wani ɗan gurbi da ruwa ya rage? Ko guda ashirin ne.

Ka yafe min.
Rumasa'u

Gure, 8 ga Fabrairu 2023

Rumasa'u,

Mun gode Allah, muna nan.

Babu ruwa. Na je jiya don kada ki ce ban je ba. Awaki ne ke yawo a tsakiyar tafkin, ƙasar ta tsattsage har ƙafa na faɗawa. Rijiyoyin lambu ba su da katantanwa, na duba huɗu.

Kalma biyu, Rumasa'u. Da rai. Kin cika shafi guda kina koya min abin da na sani, kika kasa rubuta kalma biyun da ban sani ba. Sannan kika zauna wata biyu da kunyarki har tafki ya ƙafe. Da kin buga salula ranar da kika karɓa, da akwai sauran ruwa zuwa idon sawu. Wane irin bincike ne ake yi da kunya?

Na rubuta wannan da safe, na ajiye, yanzu bayan azahar na dawo. Ban soke shi ba don gaskiya ne. Amma akwai saura. Mu a zamaninmu duk abin da zai yi tafiya kashe shi ake a saka a kwalba, masu ilimi su duba a can. Ba a taɓa neman mu aika da abu mai rai ba, don ba a taɓa neman mu san me za a yi da shi ba. Kin faɗa min ɓeraye za ki saka wa tsutsar. Na karanta, na ma maimaita miki a takardata, amma hannuna ya yi abin da ya saba. Sati ukun da na ɓata ina neman formol, da na aiko miki sau uku. Ni na rufe miki baki kuma.

Ki gaya wa profesarki ya sauke kwalabena daga kanta. Ni ba kayan tarihi ba ne.

Ki yi aikinki da tsutsar waje. Dagilam ta saba.

Abarshi

Gure, 5 ga Maris 2023

Rumasa'u,

Sallama. Ba ki amsa ba, ban kuma sa rai ba, don ba abin amsawa a waccan takardar. Ki karanta wannan a tsaye a tasha, kada ki bari sai kin je gida.

Kwana uku bayan na rubuta miki, Balkisa ta gaji da ganina ina tsaki ni kaɗai. Ta ce, "Malam, wai duk wannan ciwon ran a kan katantanwa ne? To ai suna nan."

Na ce, "Suna ina? A sama?"

Ta ce, "A ƙasa. Muna 'yan mata, in mun haƙo lakar tafki da rani don yaɓen rumbu, muka jiƙa ta ta kwana, da safe sai mu gan su suna hawa bakin ƙwarya. Barci suke, ba mutuwa ba."

Na ce mata na san wannan, yana cikin littafi. Ta ce, "To littafin ya faɗa maka gindin wace goriba?" Shekara arba'in muna tare, ba ta san ko harafi ɗaya ba, kuma ban taɓa tambayarta komi game da tafkin da ta girma a bakinsa ba.

Muka je tare. Ta nuna inda inuwa ke daɗewa, a gefen mashayar shanu da kuma bakin wurin wanki. Muka ɓamɓaro ɓawon ƙasa kamar faɗin hannu, muka cika buhu biyu. A gida na zuba a baho biyu, na kwarara ruwan rijiya. Washegari huɗu suka motsa. A sati guda sun kai arba'in da bakwai. Ina ba su ganyen salati, ina canza musu ruwa, Balkisa tana ce min in yi musu suna tunda haihuwa ta zo min da tsufa.

Saura tambaya ɗaya: akwai tsutsa a cikinsu, ko fanko ne? Ba zan sake aiko miki da kayan banza ba. Na zuba su a kofunan shayi na jera a rana da hantsi, yadda kika ce. Amma ba ni da madubin labo, ranar da na ajiye aiki har alƙalami sai da suka ƙirga. Idona kuma ya fara yana. Balkisa ta ɗaga kofi ta ce tana ganin wani abu yana motsi, ko kuma datti ne, ba ta rantsewa.

To na tuna ina yaro na yi tsargiya, shekara uku ina fitsarin jini kafin a kai ni lakwal. Na haɗa ruwan kofunan a kwano, na naɗe hannun riga, na tsoma hannun hagu zuwa gwiwar hannu, minti goma sha biyar a agogo. Balkisa ta ce, "La ilaha, ka haukace?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

Kafin la'asar hannun ya tashi da ƙuraje jajaye, ƙaiƙayi kamar an watsa min garwashi. Na dama da na tsoma a ruwan rijiya don kwatanci bai yi komi ba. Shekara sittin, Rumasa'u. Ofis ya manta da ni, wanda ya ɗauki rapor ɗina ya manta, jinina bai manta da tsutsar nan ba.

Suna cikin ƙwarya biyu, tsakanin tsumma mai laima, ba cikin ruwa ba, an rufe da faifai. Mai jan zare ita ce ta gefen shanu. Na ce wa Sufiyanu in ya ɗora su a saman kar rana ta dafa su, kada ya sake biyowa ta Gure. A ƙarƙashin kujerarsa suke.

In kina son jinin mutum sati-sati, ga ni. Ɓera ne wanda ya iya rubuta rana da sa'a.

Abarshi

Yamai, 16 ga Maris 2023

Kaka,

Wa alaikumus salam. Bari in fara da faɗa, kuma yau ba kunya, kai ka ce ba a yin bincike da ita. Abin da ka yi ganganci ne. Da ka aiko su haka nan, da na gwada su a nan cikin awa biyu ba tare da hannun kowa ba. Kada ka sake. Ga ƙwayoyin magani a ambulan. Ba sa kama tsutsar tana ƙarama, don haka sai ƙarshen Afrilu za ka sha, a gaban ma'aikacin likita. In zazzaɓi ko tari ya zo kafin nan, ka je likita a ranar. Na rubuta wa Kaka Balkisa ranar daban, Sufiyanu zai karanta mata, don ban yarda da kai ba.

Talatin da ɗaya suka iso da rai. Biyar sun fitar da tsutsa, uku daga gefen shanu, biyu daga na wanki. Ranar Litinin na saka wa ɓeraye goma sha biyu. Sati biyu ya rage a wa'adin. Na fita bayan labo na yi kuka.

Jininka ba zan iya karɓa ba. Sai da izinin kwamiti, kuma ba kwamitin da zai yarda da mutumin da ya saka wa kansa.

Kowane keji yana da takarda mai faɗin inda tsutsar ta fito da wanda ya ɗebo ta. Haka zai shiga littafin labo, haka zai shiga duk abin da aka buga. Na rubuta: Dagilam, Gure. Abarshi da Balkisa.

Jikarka,
Rumasa'u

Gure, 21 ga Maris 2023

Amarya,

Lafiya lau. Ƙaiƙayi ya lafa, Balkisa ce ba ta lafa ba. Tun da ta ji sunanta ya shiga littafi take tambayata ko ina da wata tambayar kimiyya.

Wato jinin ɓera ya samu izini, nawa bai samu ba. Ban yi mamaki ba. Shekara talatin da huɗu ina jiran in ga sunana a kan aikina, sai ga shi a kan kejin ɓera. A bar shi a wurin. Da fensir za ki rubuta, tawada ba ta son laima.

Maganin zan sha ranar da kika ce. Yaran Dagilam kuwa damina na zuwa za su koma ruwa, don haka kada ki tsaya yi wa ɓeraye ado.

Ranar da jininsu ya fara amsawa, ki rubuto min, da rana da sa'a. Ki gaya musu nawa jinin kafin la'asar ya amsa.

Tsohon mijinki,
Abarshi